Me ya sa batirin sola ke mutuwa da wuri, bututun famfo kuma ke tsatsa?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a Dakoro da kewaye, ƙorafin masu sola ɗaya ne: batiri ba ya riƙe wuta. Mai cajin wayoyi a bakin kasuwa, mai sayar da ruwan sanyi, magidancin da ya tara kuɗi ya ɗora pano a kan ɗaki, duk maganar ke nan. An sayi batiri da tsada, ko shekara biyu bai cika ba, ga shi tun kafin a idar da sallar isha'i fitila ta fara lumshewa. Wasu su ce jabu ne, wasu su ce mai haɗawa ne bai iya ba. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa dalilin yana can cikin akwatin, a jikin wasu farantai da ba mu gani.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. An maido da wutar a watan Maris na 2024, amma jama'a da dama sun riga sun koma ga sola. A ƙauyukan Kornaka, Sabon Maci, Birnin Lalle da rugagen Tarka kuwa, da ma can rana ita ce madogara.

A yau za mu buɗe akwatin mu duba. Daga nan za mu leƙa wasu abubuwa biyu da ilimi ɗaya ya haɗa su da batiri, wato ruwan jabel da ake tsabtace ruwan sha da shi, da kuma bututun famfo da kwanon rufi.

Mene ne elektirod?

Duk wanda ya taɓa fasa ƙaramin batirin tocila ko na rediyo ya ga wani baƙin sanda a tsakiya, kamar gawayi, da gwangwanin tutiya da ya kewaye shi. To waɗannan biyun su ne masana ke kira elektirod. Ma'anar ita ce ƙofar da wutar lantarki ke bi ta shiga wani ruwa ko kwaɓi, ko ta fito daga cikinsa. Masanin Ingila Michael Faraday ne ya fito da kalmar a 1834, tare da sunayen ƙofofin biyu, anod da katod. Shi kuwa irin wancan batirin na tocila ya samo asali ne daga aikin Bafaranshe Georges Leclanché a 1866.

Abin da za mu riƙe shi ne, duk aikin yana faruwa ne a fuskar elektirod, daidai inda ƙarfe ya haɗu da ruwa. Cikin ƙarfen hanya ce kawai ta wucewar wuta. Shi ya sa masana'antu ke kashe kuɗi mai yawa kan tambayoyi biyu: da wane abu za a ƙera farantin, kuma me za a shafa masa a fuska? Kaurin abin da ake shafawar ana auna shi ne da mikiron. Idan aka raba milimita ɗaya gida dubu, kashi ɗaya shi ne mikiron. Gashin kan mutum yana da kaurin kusan mikiron 70. Za ku ji yadda fatar da ba ta kai rabin gashi ba take yanke hukuncin ko abu ya yi shekara biyu ko ya yi ashirin.

Abin da ke cikin batirin dalma

Batirin da muka fi sani, na mota da na babur da mafi yawan na sola, batirin dalma ne. Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859. A 1881 wani Bafaranshe, Camille Faure, ya kawo gyaran da ake bi har yau: a kwaɓa garin dalma a shafa a jikin faranti. Amfanin kwaɓin shi ne yana da ƙananan ramuka birjik kamar soso, don haka fuskar da ruwa ke taɓawa ta ninka sau da yawa.

Batiri mai volt 12 yana da ɗakuna shida, kowane yana ba da volt 2 da ɗan ɗoriya. A kowane ɗaki akwai farantai iri biyu, masu launin ƙasa-ƙasa da masu launin toka, suna jiƙe cikin asid da aka sirka da ruwa. Idan kun kunna fitila, asid ɗin na haɗuwa da farantan duka biyu, wani farin gishiri mai suna salfet yana taruwa a fuskarsu. Da rana ta fito pano ya fara caji, gishirin sai ya narke ya koma cikin ruwan, farantan su dawo yadda suke. Kullum haka ake yi, a je a dawo.

Hanyoyi uku ne batirin ke bi ya mutu.

Ta farko, barinsa ba caji. Idan farin gishirin nan ya kwana ya wuni, ya yi kwanaki a jikin faranti, sai ya daskare ya yi tauri, caji ya kasa narkar da shi. Duk wurin da ya rufe ya fita daga aiki. Wannan na yawan faruwa idan batiri ya fi ƙarfin pano, ko lokacin hunturu da ƙura ta lulluɓe pano ba a goge ba. Mai shi yana ganin ana caji kullum, alhali batirin bai taɓa cika ba.

Ta biyu, zubewar kwaɓi. Duk sanda aka zuƙe batiri har ƙarshe, kwaɓin yana kumbura, in an yi caji ya motse. Yau da gobe sai ya fara marmashewa yana zuba ƙasan akwati. In tarin ya yi yawa ya haɗa farantai biyu, ɗakin ya mutu ke nan.

Ta uku, cinyewar ragar dalmar da ke riƙe da kwaɓin. A nan ne zafinmu ke shigowa. Masu ƙera batiri suna auna shekarunsa ne a zafin digiri 25. Ƙa'idar da suka sani ita ce, duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba rayuwar batirin dalma biyu. Wanda aka rubuta zai yi shekara shida, a digiri 35 shekara uku ce, a 45 kuwa shekara ɗaya da rabi. To ku auna ɗakin kwano da aka kulle da azahar a watan Afrilu.

Ɗan lissafi

Batirin da aka rubuta 12V 100Ah yana ɗauke da kusan wat 1,200 na awa guda. Amma na dalma rabinsa ne naku, wato 600, in kuna so ya daɗe. Talabijin mai cin wat 60 da fitilu huɗu masu wat 10 kowace sun haɗa wat 100. Ke nan awa shida, sai a kashe. Wanda ya ƙara da fanka da cajin wayoyi goma ya kai har asuba, cin jarinsa yake yi.

Da ƙaramar mita za ku iya dubawa. Bayan batiri ya huta, ba caji ba kaya a kansa, 12.6 ko 12.7 na nufin cike yake. Kusan 12.1 zuwa 12.2 rabi ne. Ƙasa da 11.9 kuwa ya kusa ƙarewa.

Sai bambancin batirin mota da na sola. Na mota farantansa sirara ne masu yawa, don ya ba da wuta mai ƙarfi ta daƙiƙu kaɗan a tayar da inji. Na sola farantansa masu kauri ne, don ya riƙa bayarwa a hankali dare guda. In aka sa na mota a gida zai yi aiki, sai dai ba zai jima ba. Akwai kuma irin da ake cusa kwaɓin cikin ƙananan bututu na zare don kada ya zube, wato dogayen batiran nan masu ruwa da ke shigowa daga Indiya. Wasu kamfanoni kuma suna ƙara garin gawayi na musamman a farantin mai launin toka, don ya rage daskarewar farin gishirin. Duka gyare-gyaren elektirod ne.

Wajen saye, sikeli ba ya ƙarya. Dalma nauyi gare ta, kuma ita ce fiye da rabin nauyin batirin. Na gaske mai 100Ah yakan kai kilo 28 zuwa 32, mai 200Ah kuma kusan 60. In kun ga an rubuta 200Ah amma yaro na iya ɗagawa, rubutun ne kawai.

Idan ruwan batiri ya ragu, ruwa ne ya tafi, asid ɗin yana nan. Don haka tataccen ruwan da aka yi don batiri za a ƙara. Ƙara asid yana hanzarta cinyewar faranti, ruwan rijiya kuma yana ɗauke da gishiri da ƙarfe masu ɓata shi. Sannan iskar da ke fita lokacin caji, haidirojin, tana kama wuta. Kada a kusanto da ashana, taba ko kaskon shayi.

Batirin litiyom: me ya canza?

Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da batirin litiyom mai caji a 1991, kuma a 2019 mutum uku da suka share masa hanya, John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino, suka sami kyautar Nobel. A cikinsa ba a narkar da faranti a sake ginawa kamar na dalma. Ƙwayoyin litiyom ne ke shiga cikin ƙananan gurabe na elektirod ɗaya, su fito su koma ɗayan, kamar tumaki tsakanin garke biyu. Tunda ginin faranti ba ya rushewa sosai, ya fi jure zuwa da dawowa.

Farantansa ma ba farantai ba ne irin na da. Fallaye ne sirara kamar takardar shayi, ɗaya na alminiyom ɗaya na jan ƙarfe, an shafa musu gari. Gefe guda garin girafayit ne, wato irin baƙin da ke cikin fensir. Ɗaya gefen shi ne ke bambanta batiri da batiri. Na waya da kwamfuta yawanci da kobalt ake yi, wanda kusan kashi 70 cikin 100 nasa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. Yana ɗaukar wuta da yawa a ƙaramin wuri, amma yana da tsada, kuma in ya yi zafi ko ya huje yana iya kamawa da wuta.

Na sola da ke shigowa yanzu, wanda za ku ga an rubuta LiFePO4 ko LFP a jikinsa, da litiyom da ƙarfe da fosfet ake yin sa, babu kobalt. Ɗakin binciken Goodenough a Texas ta Amurka ne ya bayyana shi a 1996 da 1997. Da farko kamar ba zai yi amfani ba, domin garin ba ya wuce da wuta sosai. Masu bincike a Montreal ta Kanada, ƙarƙashin Michel Armand, su ne suka gano mafita: a lulluɓe kowace ƙwayar garin da fatar gawayi siririya ƙwarai, wadda ko mikiron ɗaya ba ta kai ba. Wannan fatar ce ta mai da shi batirin da motocin lantarki da gidajen sola ke amfani da shi yau.

A aikace, LFP mai kyau yana jure caji da zuƙewa sau 2,000 zuwa sama, har wasu su kai 6,000, alhali na dalma yawanci tsakanin ɗaruruwa ne zuwa 1,500. Ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 na wutar da ke cikinsa. Mai 100Ah nauyinsa kilo 10 zuwa 13 ne. Kuɗinsa na farko ya fi yawa, don haka lissafin da ya dace shi ne a raba farashi da yawan daren da zai yi aiki.

Amma fa akwai sharaɗi. Shi ma zafi na tsofar da shi. Dole ne yana da allon kariya a ciki, wanda ake rubuta BMS, mai hana caji ya wuce kima. Dole regilatan ya san caji irin na litiyom. Kuma a yi hattara da akwatunan da aka cika da tsofaffin ƙananan batiran kwamfuta aka liƙa musu sabuwar takarda.

Inda mataccen batiri ke zuwa

Nan ne maganar ta wuce ta kuɗi. Kusan kashi 85 cikin 100 na dalmar da duniya ke amfani da ita batiri take tafiya, kuma tsohon batiri yana da mai saye saboda dalmar. Matsalar ita ce inda ake fasa shi. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ƙurar dalma daga fasa tsofaffin batira a cikin gidaje. Mun kuma san abin da ya faru kusa da mu a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can dutsen zinariya ne ake dakawa a gida, amma gubar ɗaya ce.

Dalma ba ta da wari, kuma ƙaramin yaro mai rarrafe yana kai hannu baki shi ya fi shanta. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, illar kuma ba ta gyaruwa. Don haka kada a fasa batiri a tsakar gida, kada a narka dalma kusa da madafa, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko inda dabbobi ke kiwo. Akwatinsa bai dace a mai da shi kwamin shayar da kaji ko awaki ba. A miƙa shi ga mai saye a rufe, yadda yake.

Daga gishiri zuwa ruwan jabel

Yanzu mu juya aikin. A batiri sinadari ne ke ba da wuta. Idan kuma aka tura wuta cikin ruwan gishiri ta elektirod biyu, sai gishirin ya rabu a sami kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha. Duk ruwan jabel da ƙwayoyin Aquatabs da ake rabawa, tushen kulorin ɗinsu ke nan.

Kulorin na cin kusan kowane ƙarfe, don haka shekaru da dama masana'antu da sandunan girafayit suke aiki. Su ma suna zaizayewa, tazarar da ke tsakaninsu ta riƙa buɗewa, wuta na tafiya a banza. A 1965 wani masani mai suna Henri Beer ya yi rajistar dabarar da ta canza sana'ar: a ɗauki ƙarfen titaniyom, wanda kulorin ba ya ci, a gasa masa fatar wani sinadari na ruteniyom mai kaurin mikiron kaɗan. Titaniyom shi kaɗai yana yin wata fata da ke toshe wuta, amma da wannan shafin sai wuta ta wuce, ƙarfen kuma ya yi shekaru bai canza siffa ba. Kamfanin De Nora na Italiya ne ya yaɗa shi a duniya. Daga baya, a 1975, aka fara aiki a Japan da masana'antar da ke raba ɗakunan da wata fatar roba ta musamman, abin da ya ba da damar barin amfani da merkuri mai guba. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina tsohuwar hanyar.

Me ya shafe mu? Wannan elektirod ɗin ne ya sa aka iya ƙera ƙananan na'urori da ke aiki da pano da batiri. Ɗaya daga cikinsu ita ce WATA, ta gidauniyar Antenna da ke Janeba a Suwizalan, wadda aka yi aiki da ita a ƙasashe irin su Gini, Mali da Burkina Faso. Ana narka giram 25 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, a tsoma na'urar na ƴan awoyi, a sami ruwa mai giram 6 na kulorin a kowace lita. Lita ɗaya tasa tana isar lita 4,000 ta ruwan sha, wato mililita 5 a bido mai lita 20, a jira minti 30 kafin a sha. In ruwan na da laka, sai an bari ya kwanta an tace tukuna.

Jiharmu ta san muhimmancin wannan. Annobar kwalara ta 2018 a gundumar Madarunfa ta fara, a watan Yuli, ta kama mutum fiye da 3,000, sannan ta sake dawowa a 2021. Ga cibiyar lafiyar da ke nesa da kwalta, wadda damina kan yanke mata hanya, iya yin kulorin a wurin da gishirin kasuwa babban abu ne.

Masu kula da irin wannan na'ura su riƙe abu uku. Farin dattin da ke taruwa a jikinta daga ruwa mai farar ƙasa yake, da ruwan kal, wato binegar, ake jiƙa shi ya fita. Kankarewa da wuƙa ko wayar wanke tukunya yana cire fatar nan mai tsada, na'urar ta tashi aiki. Na biyu, ruwan da aka yi ƙarfinsa na raguwa da sauri, don haka a yi amfani da shi cikin awa 24, a ajiye a inuwa. Na uku, kada kowa ya gwada yin nasa da cokula ko ƙusoshi. Ƙarfen da ba a yi don aikin ba yana narkewa cikin ruwan, cokalin silba na kanti ma yana iya sakin kurom mai guba. Shi kuma jabel na kanti ya fi wannan ƙarfi nesa, awonsa daban ne, sai a tambayi ma'aikatan lafiya.

Tutiya: fatar da ke mutuwa a madadin ƙarfe

Tsatsa ma aikin lantarki ne. Ɗigon ruwa a jikin ƙarfe ƙaramin batiri ne, wani gefe ya zama anod ya riƙa narkewa. Idan aka haɗa ƙarfe biyu mabambanta cikin ruwa, ɗaya ne zai ci wuya, ɗayan ya tsira. Tutiya tana saurin narkewa fiye da baƙin ƙarfe, don haka in an lulluɓe ƙarfe da ita, ita ce ke fara tafiya. Ko an ɗan karce fatar, tutiyar da ke gefen wurin tana ci gaba da kare shi. Fenti ba ya iya wannan. Bafaranshe Stanislas Sorel ne ya yi rajistar dabarar a 1837, kuma har yau ana tsoma ƙarfe ne cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450.

Kwanon rufi biyu na iya yin ƙyalli iri ɗaya a shago, bambancin yana kaurin fatar. Wanda aka rubuta Z275 yana da giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita, kusan mikiron 20 a kowace fuska. Mai araha na iya zuwa da ƙasa da rabin haka. Akwai kuma Aluzinc, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1972, fatarsa kashi 55 alminiyom ce sauran kusan duka tutiya, ya kuma fi daɗewa a rufin gida. Sai dai ba ya shiri da ɗanyen siminti da tururin fitsarin dabbobi. Takin zamani da aka jingina da kwano ma yana cin fatar.

Ga masu walda: farin hayaƙin da ke tashi in ana ƙona ƙarfe mai tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare. A yi aikin a fili, iska na kaɗa hayaƙin nesa da fuska. Uwayen gida kuma, bokitin kwano mai tutiya bai dace da jiƙa tsamiya, zoɓo ko ajiye nono ba, domin tsami na narkar da ita.

Bututun da ke cikin foraji

A ƙasar Dakoro ruwa na da nisa, bututu da yawa ake jonawa kafin a kai gare shi. Famfon hannu samfurin India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970 da taimakon UNICEF, asalinsa da bututu da sandunan ƙarfe masu tutiya yake zuwa. Inda ruwan ƙasa ke da ɗan tsami, wato awon pH ɗinsa ya gaza 6.5, tutiyar na iya ƙarewa cikin watanni, tsatsa ta shiga. An san wannan matsala a Afirka ta Yamma tun shekarun 1980, kuma a 2016 gwamnatin Yuganda ta dakatar da sa irin wannan bututu a famfunanta. Famfon ƙafa na Vergnet da aka sani a ƙauyukanmu, da tiyon roba yake hawo da ruwa, don haka wannan ciwo bai cika damunsa ba.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan farko na safe ya fito ja, bayan an ɗan buga ya washe. Yana ɗanɗanon ƙarfe, shayi ya yi baƙi, fararen kaya su yi tabo. Mata sukan guje wa irin wannan famfo su koma tabki ko buɗaɗɗiyar rijiya, nan kuwa haɗarin gudawa ya fi yawa. In aka yi sake bututun ya huje ko ya tsinke ya faɗa cikin foraji, fito da shi aiki ne mai tsada.

Maganin shi ne roba mai ƙarfi ko inoks, ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913. Sirrinsa kurom ne, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke yi wa ƙarfen wata fata da ido ba ya gani, mai gyara kanta in an karce ta. Wanda ya dace da foraji shi ne mai lamba 304, mai kurom 18 da nikel 8, ko 316 inda ruwa ke da gishiri. Abin da ya fi muni shi ne a gauraya: bututu ɗaya inoks, na kusa da shi mai tutiya. An haɗa batiri ke nan a cikin rijiya, kuma mai tutiyar ne zai tafi da sauri fiye da da.

Saboda haka, kwamitin kula da famfo na da haƙƙin ya tambayi ɗan kwangila abu uku kafin a sauke bututu: an auna pH ɗin ruwan, nawa aka samu? Wane irin bututu ne, wace lamba ce a jikinsa? Bututu da sanda da mahaɗansu duka ƙarfe iri ɗaya ne? A nemi a rubuta amsar a takardar aiki, a ajiye kwafi wajen magajin gari da ma'aikatar ruwa.

Mai sayen batiri shi ma tambayoyinsa uku ne: na mota ne ko na sola, kilo nawa yake, kuma panon da ke gida zai iya cika shi kafin la'asar? In an kawo shi, a ɗora shi kan katako a ɗaki mafi sanyi mai shan iska, nesa da yara, a riƙa goge ƙurar pano da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.